Shin Gani Ya Kori Ji?

Hausawa kan ce gani ya kori ji, amma malaman Kirista na zamanin dā ba su yarda da wannan ba a sha'anin addini. Hujjarsu ita ce, ba a ganin Allah a duniya, sai dai a ji maganarsa. Wani shaihinsu na Faransa, Barnad na Kilarbo, wanda ya rasu a 1153, ya koyar da cewa ji shi ke share wa gani hanya: wanda ya saurara nan duniya, shi zai gani a lahira.

To, amma kunne ƙofa ce da ke son tsaro. Tun kafin Barnad, Agustin mutumin Afirka ta Arewa, wanda ya rasu a 430, ya ga zunubi ne zaƙin murya ya fi ma'anar kalmomi kama zuciya a majami'a. Duk da haka ya yarda a yi waƙa, don ta ɗaga masu raunin imani.

Waƙa kuwa sai da koyo. Wajen 1025 wani malamin Italiya, Gido na Arezzo, ya sa wa muryoyi suna: ut, re, mi, fa, sol, la. Daga baya ut ta koma do. Da su mawaƙan majami'un Kakuri da Barnawa ke koyon waƙa har yau.

Ku 'yan makaranta, in kun rera, ku tambayi kanku: murya kuka ji, ko magana?