Shiga Aikin Kamfani a Zariya: Daga Reluwe Zuwa Manyan Masana'antu

Aikin albashi a ƙarƙashin babban kamfani ya shigo Zariya ne tare da jirgin ƙasa, wanda ya ratsa garin a 1911 a kan hanyarsa ta zuwa Kano. Kafin nan sana'a gado ce: ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, ɗan marini a bakin marina, ubangidansa kuma mahaifinsa ne ko kawunsa. Reluwe da gidan gurzar auduga na kamfanin BCGA su suka fara ɗibar leburori, yawancinsu 'yan cin rani masu komawa gona da zarar ruwa ya sauka. Wanda ya ɗan taɓa boko ya zama akawu ko masinja.

Aikin dindindin ya kankama ne gab da samun mulkin kai. Masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, kamfanin taba na NTC ya buɗe masana'antarsa a Zariya a 1959, masaƙar UNTL ta biyo baya, sannan kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975. Samarin Gyallesu da Tudun Wada, unguwannin da ke kusa da makarantun boko, sun samu shiga ta hannun wani yaya ko maƙwabci da ya riga su. Shi ke kai sunan yaro, shi ke tsaya masa, in a Kaduna ne kuma a ɗakinsa yake sauka har ya kama nasa.

Malamin farko na sabon shiga shi ne agogo. Mutumin da ya saba auna yini da hantsi da azahar da la'asar, sai ga jiniya tana kiransa, ana duba katinsa a bakin ƙofa, in ya makara a zabge masa kuɗi. Masaƙu kan raba yini gida uku, awa takwas-takwas, kuma aikin kwana kan ɗauki makonni kafin jiki ya saba. Heluma kan haɗa yaro da tsohon hannu, wanda zai nuna masa inda ba a kai yatsa, da yadda ake gane lafiyar inji daga ƙararsa, da yadda ake ƙulla zaren da ya tsinke ba tare da an ɓata yadi ba. In lokacin salla ya yi, na kusa ya kula masa da injinsa, ya dawo shi ma ya rama. Ta haka ubangidan sana'a ya sake bayyana cikin rigar kamfani. Bayan watannin gwaji sai takardar tabbatarwa, sai shiga adashi da ƙungiyar ƙwadago. Daga nan ake cewa mutum ya zauna.

Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da faɗuwar naira, da ƙarancin lantarki, da kwararowar atamfa ta ɓarauniyar hanya, su suka durƙusar da wannan zamani. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, dubban magidanta suka koma acaɓa da kasuwa da gona.

Yau masu ɗibar ma'aikata da yawa su ne rukunonin kamfanoni irin na Dangote da BUA, masu siminti da sukari da fulawa. Ɗan Zariya da ya gama Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli kan nema ta intanet, ya yi jarrabawa da intabiyu, a tura shi Obajana ko Sakkwato ko Legas. Makon farko na horon kariya ne: hular kwano, takalmin aiki, da ƙa'idojin shiga fili. Albashi ta banki yake zuwa, fansho kuma tun dokar 2004 a asusun ma'aikaci ake tara shi. Da yawa ta hannun 'yan kwangila ake ɗaukarsu, don haka sabon shiga kan fara tantance ko shi ma'aikacin kamfani ne ko na wucin gadi. Sauran zaman kuwa har yanzu a hannun tsohon ma'aikaci ake koyonsa, da kuma ɗan gari da zai nuna masa masauki da masallaci.