Giyar Inabi a Birnin da Ba Ya Noman Inabi

Kalmar inabi baƙuwa ce a Hausa. Daga Larabci aka aro ta, tare da 'yar'uwarta zabibi, wato busasshen inabi. Wanda ya zaga kasuwar Adjamé a Abidjan, inda Hausawa suka daɗe suna fatauci, zai tarar da 'ya'yan inabi a farantin talla, ya kuma ga kwalaben giyarsa a kantuna. Sai dai ba a gonakin birnin aka noma ko ɗaya daga cikinsu ba.

Dalili na farko shi ne yanayi. Kuringar inabi tana son rana da busasshiyar iska a lokacin da 'ya'yanta suke nuna. Abidjan kuwa tana bakin teku, tana da damina biyu a shekara, kuma iskarta cike take da laima. A irin wannan wuri cututtukan fumfuna suke kama ganye, 'ya'yan su ruɓe tun ba su nuna ba. Abin sha na gargajiya a kudancin ƙasar shi ne bammi, wanda ake tatsa daga itacen kwakwar manja.

Giyar inabi ta shigo ne tare da Turawan Faransa. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Saint-Germain a 1919 ta hana shigo da barasar fatauci mai ƙarfi cikin yawancin ƙasashen Afirka da ke ƙarƙashin mulkin mallaka, amma ba ta rufe wa giyar inabi ƙofa ba. A shekarun da suka biyo baya Aljeriya, wadda ita ma Faransa ke mulka, ta zama ƙasar da ta fi kowace fitar da wannan giya a duniya.

Abin da ya sauya Abidjan shi ne buɗe mashigin ruwa na Vridi a 1950, da ƙaddamar da tashar jiragen ruwa a 1951. Manyan jirage suka sami shiga tafkin Ébrié, masana'antu suka taru a Treichville, unguwar da aka raɗa wa sunan Marcel Treich-Laplène. A nan aka kafa kamfanin Solibra a 1955. A 1994 ya koma hannun rukunin Castel, wanda ya faro a 1949 da cinikin giyar inabi a birnin Bordeaux na Faransa. Tsarin sana'ar bai ɓoyu ba: ana matse inabi a ƙetare, a ɗauko giyar cikin manyan tankuna, a ɗura ta a kwalba a Abidjan. Haka ake samar da Valpierre, wadda ta yi suna a ƙasar. Ma'aikata na nan, gona kuwa tana hayin teku.

A ƙasar Hausa lamarin ya juya. A ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna, kusa da Zariya, akwai gonakin inabi, domin rani da hunturu suna ba da bushewar da Abidjan ta rasa. Manomi yakan kafa wa kuringa rumfa, ya yi mata sassabe don ta yi sabon toho, ya ba ta ruwa, ya tsinki 'ya'yanta a cikin rani. Manoman yankin mafi yawansu Musulmi ne, kuma Musulunci ya haramta giya, don haka inabinsu na ci ne, ana kai shi kasuwa ɗanye.

Ga abin da wannan tarihi yake koyarwa: ƙasa da ruwan sama ne suke yanke inda itace zai tsira, amma tashar jirgi, da doka, da addinin mutane su ne suke yanke abin da za a yi da 'ya'yansa.