Daga Trovan Zuwa Korona: Asalin Gudun Allura a Ƙasar Kano

Da allurar rigakafin korona ta iso Nijeriya a watan Maris na 2021, mutane da yawa a karkarar Kano, har da mu nan Bagwai, sun ja da baya. 'Yan boko suka ce jahilci ne. Ni ban yarda ba, domin wannan tsoro yana da tarihi.

A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa. Kamfanin Pfizer ya zo asibitin IDH na Kano ya yi gwajin maganinsa Trovan, gwajin da ya haɗa da yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kafin nan labarin ya riga ya shiga kowane zaure, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shi ya sa a 2003, da Dakta Datti Ahmad da Majalisar Ƙoli ta Shari'a suka ce ana zargin ɗigon shan inna yana hana haihuwa, maganar ta samu karɓuwa. Ana cikin yaƙin Iraƙi, zukatan Musulmi cike da zargin Amurka. Gwamna Ibrahim Shekarau ya dakatar da rigakafin, ba a dawo da shi ba sai Yulin 2004, da maganin da aka kawo daga Indunisiya. Zargin bai tabbata ba, amma cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, yaranmu suka gurgunce.

Abin da ya fi cin ran talaka kuwa wani ne daban. Ma'aikaciya ta yi sallama da akwatin ƙanƙara, ta ɗiga wa yaro, ta shafa masa tawada a ɗan ƙaramin yatsa, ta rubuta lamba da alli a jikin katanga. Wata mai zuwa ta sake dawowa. Amma ran da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaron nan, uban ne zai sayar da kwanon gero ya sayo magani. Dole ya tambaya: me ya sa wannan kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta? Uwar kuma, ko tana so, amsarta ɗaya ce: "Maigida bai ba da izini ba."

Sarakuna da malamai da masu unguwanni ne suka sassauto da mutane, suna ba 'ya'yansu ɗigon a bainar jama'a. A 2013 an harbe masu rigakafi 9 a Kano, aikin bai tsaya ba. A Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.

Korona ta tarar da tsohon miki. An kulle gari, an hana kasuwa da jam'i, sannan aka ga kayan tallafi jibge a rumbunan gwamnati a jihohi daban-daban. WhatsApp ya ɗauki aikin da zaure yake yi a da. Wanda ya ga haka, ina zai yarda da allurar hukuma cikin sauƙi?

Gudun allura dai mu yake cuta. Mashaƙon da ya ɓarke a ƙarshen 2022 Kano ya fi yi wa ɓarna, kuma akasarin waɗanda ya kama ba su da cikakken rigakafi. Iyaye, mu kai yaranmu. Hukuma kuma ta zuba magani da ma'aikata a asibitocin ƙauye kafin wata annobar ta zo.