Awon wuyan mahaifa da hasashen ranar naƙuda

Ga mace mai tsohon ciki da ke zaune a ƙauyukan fadamar kogin Rima, sanin lokacin da naƙuda za ta kama yana iya zama bambanci tsakanin haihuwa a asibiti da haihuwa a kan hanya, musamman da damina idan ruwa ya yanke hanyoyin zuwa Argungu ko Birnin Kebbi.

Ranar da ake rubuta wa mace a katin awo kintace ce kawai. Mata kaɗan ne, kimanin biyar cikin ɗari, ke haihuwa a wannan rana.

Yadda awon yake

Wuyan mahaifa shi ne ƙofar da jariri ke bi ya fito. A tsakiyar goyon ciki tsawonsa kan kai santimita 3 zuwa 4, amma yakan gajarce ya yi laushi yayin da haihuwa ke gabatowa.

Tun shekarar 1964 likitoci ke amfani da ma'aunin Bishop, inda ake duba wurin da yatsa. Na'urar hoton ciki kuwa, wadda ake sakawa ta gaban mace, takan ba da tsawon da milimita, kuma ba ta cutar da jariri.

Abin da bincike ya nuna

Wani nazari da mujallar BJOG ta Birtaniya ta buga a 2016 ya gano cewa idan ciki ya cika, kuma tsawon ya ragu zuwa milimita 10, yiwuwar haihuwa cikin mako guda ta zarce kashi 85 cikin ɗari. Idan yana milimita 30, ba ta kai kashi 50 ba.

Ke nan awon ba ya faɗin rana, kusanci yake nunawa.

Ya fi amfani kafin mako na 24, inda tsawon da ya gaza milimita 25 ke nuna haɗarin haihuwar bakwaini.

Matakin da ya dace

Idan likita ya ga wuyan ya gajarce, zai fi kyau iyali su matso da mace kusa da asibiti, kamar Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi ko Babban Asibitin Argungu.

Sai dai idan jini ya ɓalle, ko faya ta fashe, ko jijjiga ta kama, ba a jiran wani awo. Asibiti za a nufa nan take.