Tsohuwar Taswirar Ƙasar Kwal

A shekarar 1909 ne wani Bature masanin duwatsu, Albert Kitson, ya gano kwal a ƙasar Udi. A 1915 aka soma haƙa, a 1916 kuwa hanyar jirgi ta haɗa wurin da Fatakwal. Da haka zangon leburori ya zama birnin Inugu.

In ka duba taswirar masu safiyo na dā, za ka ga layuka sun matsu yamma da gari, watau alamar tudu mai gangare. A kwarurukansa ramukan suke, har da na Iva, inda 'yan sanda suka harbe mahaƙa 21 a 1949. Yanzu an bar ramukan nan. Lalle a adana taswirar, domin jikoki su san inda kakanninsu suka sha wuya.