Jabana a Fau

Hausawan da suka bi hanyar Makka bayan yaƙin Burmi na 1903 masu cin goro ne. Gahawa a Sudan suka tarar da ita. Zuriyarsu na nan a Maiwurno da Gadarif da Fau, garin da ya bunƙasa bayan buɗe gonakin Rahad a 1977.

Ba a noman gahawa a Fau, ƙasar dawa da auduga ce. Daga Habasha ƙwayar ke shigowa ta Gallabat, ɗanya, cikin buhun algarara, kuma ɗanyar ake ajiyewa. Nan ne dabarar matan da ke sayar da ita a bakin titin Madani. Ɗanyar ƙwaya tana watanni in ba ta sha danshi ba, soyayya kuwa kwana kaɗan ƙamshinta ya gudu, dakakkiya ma ba a magana. Don haka kaɗan suke soyawa kan gawayi, su daka da citta a ƙaramin turmi, su tafasa a jabana, ɗan tulun yumɓu mai dogon wuya.

Damina ce abin tsoro. Buhu ya taɓa ƙasa, fumfuna ta kama, jarin mace ya tafi.