Raba Gandu a Ƙasar Turai: Yadda Majalisar Ingila Ta Tsare Gwamnati da Tambaya

Ya kai mai karatu, ka san yadda ake raba gandu. Wa da ƙane sun daɗe suna noma gona ɗaya, suna ci daga rumbu ɗaya. Wata rana ɗayansu ya ce shi zai ware. Faɗin haka ba shi da wuya. Wuyar tana gaba. Wa zai ɗauki fadama? Wa zai biya bashin taki? Ta ina za a ja iyaka? In ba a zauna an warware waɗannan ba, sai rigima ta kai har ga jikoki.

Ƙasashe ma suna yin gandu, kuma suna rabuwa. Mu kanmu mun gani, don Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ƙungiyar CEDEAO a watan Janairu na 2025. Yau za mu ba ka tarihin wata rabuwa da aka yi a Turai, ka ga aikin da wakilan jama'a suka yi a cikinta.

Yadda aka shiga

A shekarar 1957 ƙasashe shida na Turai suka haɗa kasuwa ɗaya. Cikinsu akwai Faransa da Italiya da Jamus ta Yamma. Birtaniya, wadda muka fi sani da Ingila, ta nemi shiga daga baya. Janar De Gaulle na Faransa ya hana ta har sau biyu, a 1963 da 1967. Sai a 1973 ta samu shiga. Ƙungiyar ta yi ta girma har ta kai ƙasashe 28, ana ce da ita Tarayyar Turai. A cikinta kaya suna wucewa ba kuɗin duwan. Mutum kuma yana iya zuwa kowace ƙasa ya nemi aiki.

Amma wasu mutanen Birtaniya ba su ji daɗin zaman ba. Suka ce baƙi sun yi yawa, kuma ana yi masu doka daga waje. Ran 23 ga Yuni 2016 aka tambayi jama'a da ƙuri'a: a zauna ko a fita? Kashi 52 cikin 100 suka ce a fita. Kashi 48 suka ce a zauna. Faraminista David Cameron ya sauka. Wata mace mai suna Theresa May ta hau.

To, lura da wannan. Takardar ƙuri'a ta tambayi abu ɗaya kawai. Ba ta faɗi yadda za a fita ba. Ba ta faɗi nawa za a biya ba. Ba ta faɗi abin da zai sami manomi da ɗan kasuwa ba. Wa zai yi waɗannan tambayoyi? Nan ne aikin majalisa ya taso.

Wa ke da ikon buɗe ƙofa?

Majalisar wakilai ta Birtaniya tana Landan, tana da depite 650. Da farko gwamnati ta ce ba sai ta nemi izininsu ba. Ta ce ita kaɗai za ta aika takardar fita. Wata ƴar kasuwa mai suna Gina Miller ta kai ƙara kotu. Ran 24 ga Janairu 2017 babbar kotun ƙasar ta yanke hukunci. Alƙalai 8 cikin 11 suka ce dole sai majalisa ta yi doka tukuna. Dalilinsu shi ne, da dokar majalisa aka shiga, saboda haka minista ba zai warware ta shi kaɗai ba.

Depitoci ba su ƙi abin da jama'a suka zaɓa ba. Sun ba da izini da babban rinjaye. Ran 29 ga Maris 2017 aka aika takarda. Ƙa'idar ƙungiya ta ba da shekara biyu a gama shiri.

A nuna mana takarda

Majalisa ta kafa kwamiti na musamman don bin diddigin shirin. Shugabansa Hilary Benn ne, ɗan jam'iyyar adawa. Ministan da aka ɗora wa aikin fita, David Davis, ya sha faɗin cewa ma'aikatarsa tana binciken abin da zai sami fannonin sana'a 58. Depitoci suka ce a kawo su gani. A watan Disamba na 2017 kwamiti ya zaunar da shi. Da tambaya ta yi tambaya, sai ya amsa cewa babu bincike irin wanda mutane suka zata. Ka ga amfanin tambaya ke nan. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

A cikin watan nan dai depitoci suka ɗaure gwamnati da wani sharaɗi. Suka ce duk yarjejeniyar da aka ƙulla da Turai, sai an kawo masu sun jefa ƙuri'a a kanta. Sharaɗin ya wuce da 309 a kan 305. Da mutum uku sun sake ra'ayi, da ya faɗi.

Bayan shekara guda aka sake yin wata. Gwamnati ta ƙi nuna cikakkiyar shawarar da babban lauyanta ya ba ta. Ran 4 ga Disamba 2018 majalisa ta yanke cewa gwamnati ta raina ta. Ba a taɓa yi wa wata gwamnati haka ba a tarihin ƙasar. Kashegari aka fito da takardar.

Maganar iyaka

Theresa May ta kawo yarjejeniya mai shafi 585. Abin da ya fi ta da ƙura a ciki shi ne iyakar tsibirin Ailan. Arewacin tsibirin yana cikin Birtaniya. Kudancinsa ƙasa ce mai zaman kanta, kuma tana cikin Tarayyar Turai. Iyakar ta kai kilomita 500. Mutanen gefen biyu dangi ne, suna cin kasuwannin juna, kamar yadda mutumin Maraɗi yake zuwa Jibiya ya dawo rana ɗaya. An yi shekara kusan 30 ana zubar da jini a arewacin, mutum fiye da 3,500 suka mutu, kafin a yi sulhu a 1998. Kowa yana tsoron kada a sake kafa shingen duwan a wurin, tsohon miki ya tashi.

May ta samo wata dabara ta barin iyakar a buɗe. Amma dabarar ba ta gamsar da kowa ba. Masu son fita suka ce an bar ƙafa ɗaya a ciki. Masu son zama suka ce gwamma a zauna gaba ɗaya. Ran 15 ga Janairu 2019 aka jefa ƙuri'a: 432 suka ƙi, 202 suka yarda. Ba a taɓa kayar da gwamnati da rata irin wannan ba. Ta sake kawowa sau biyu cikin watan Maris, aka sake ƙi.

Sai dai majalisa ita ma tana da nata laifi. An jera wa depitoci hanyoyi takwas su zaɓi ɗaya. Suka ƙi dukansu. Sun san abin da ba su so, amma sun kasa haɗa baki a kan abin da suke so. Ranar fita ta zo ta wuce. Jama'a suka gaji. May ta sauka, Boris Johnson ya hau a watan Yuli na 2019.

An rufe majalisa, kotu ta buɗe

Johnson ya ce za a fita ƙarshen Oktoba, ko da yarjejeniya ko babu. Ya nemi Sarauniya Elizabet, wadda ke kan gado a lokacin, ta rufe majalisa har mako biyar. Kafin a rufe, depitoci suka yi sauri suka kafa doka. Dokar ta tilasta masa neman ƙarin lokaci in ba a daidaita ba. Aka kuma kai ƙara. Ran 24 ga Satumba 2019 alƙalai 11 na babbar kotu, bakinsu ɗaya, suka ce rufewar ba ta bisa doka, don ta hana wakilai aikinsu ba tare da hujja ba. Kashegari depitoci suka koma kujerunsu.

Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka koma wurin jama'a. Aka yi zaɓe ran 12 ga Disamba 2019. Jam'iyyar Johnson ta ci kujera 365. Sabuwar majalisa ta yarda da sabuwar yarjejeniyar da ya ƙullo. Ran 31 ga Janairu 2020 Birtaniya ta fita, bayan shekara 47.

Saura yarjejeniyar ciniki. Ita ta fi shafi 1,200. An gama ta ran 24 ga Disamba 2020. Majalisa ta amince da ita ran 30 ga watan, cikin yini ɗaya. Wa zai karanta shafi 1,200 da kyau cikin kwana shida? Da gwamnati ta sami rinjaye mai yawa, sai tambaya ta ragu.

Abin da za mu ɗauka

Ya kai mai karatu, jama'a ne suka ce a fita, kuma an fita. Majalisa ba ta hana ba. Abin da ta yi shi ne ta sa aka fito da takardu fili, aka faɗi kuɗi, aka duba maganar iyaka kafin a sa hannu. An ɓata lokaci, gaskiya ne. Amma wanda ya raba gandu cikin duhu, da safe zai ga abin da ya bari.

Kai ma kana da majalisarka. Akwai taron koperatif, akwai taron gari, akwai ƙungiyar mata. In shugabanni suka kawo babbar shawara, tambaye su nawa za ta ci, wa zai biya, me zai biyo baya. Ka ce a kawo takarda. A da sai an karanta maka. Yanzu ka yi yaƙi da jahilci, kana iya karantawa da kanka kafin ka dangwala hannu. In kuma ka ce a'a, ka zo da taka shawara, kada ka bar taro a tsaye kamar yadda depitocin Landan suka yi.

Ku tattauna wannan a ajinku tare da malaminku. Allah ya ƙara mana sani, ya ba mu damina mai albarka.